Tun Ran Gini, Ran Zane: A Ware Wa Motoci Wurin Tsayawa Kafin A Yanka Filaye

 

Malumfashi gari ne na mahaɗar hanyoyi. Titin Funtuwa zuwa Yashe ya ratsa ta cikinsa, wanda ya nufi Kano ta Dayi da Gwarzo ma nan yake bi. Idan kaka ta yi, manyan motoci kan yi jerin gwano suna lodin masara da dawa da waken suya. Arzikinmu ke nan, mun gode wa Allah. Sai dai titin da ke ɗauke da buhunan, shi ɗalibanmu ke tsallakawa safe da rana.

Da yawanmu kan ajiye alli lokacin tashi, mu fita bakin titi muna ɗaga wa direbobi hannu. A zangon da ya wuce, babur ya buge wata yarinya 'yar aji biyu a ƙofar wata makarantarmu. Tirela ce aka faka ta tare mata gani, shi ma mai babur bai hango ta ba. Ta warke, amma ta yi makonni ba ta zo aji ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa haɗurran hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 kowace shekara, kuma su ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Shi ya sa taron Stockholm na 2020 ya nemi kada gudu ya wuce kilomita 30 a sa'a inda motoci ke cuɗanya da masu tafiya a ƙasa.

Yanzu garin na faɗaɗa, sababbin unguwanni na tasowa da makaranta da masallaci da shaguna a wuri guda. Idan aka sayar da kowane taku na fili, mota ba ta da wurin tsayawa sai ƙofar makaranta. Don haka muna roƙon ƙaramar hukuma da masu tsara birane da fadar Galadiman Katsina abubuwa huɗu. A ware filin ajiye motoci tun a takardar tsari. A juya ƙofar makaranta ta dubi layin unguwa, ba babban titi ba. A nisanta wurin lodi daga ajujuwa, a keɓe wa 'yan acaba da masu Keke Napep matsaya. A sa tudun rage gudu da alamar tsallakawa.

Mu ma da namu aikin. Kowane shugaban makaranta ya kai maganar gaban kwamitin gudanarwa da iyaye, reshe kuma ya zauna da shugabannin direbobi da jami'an kiyaye haɗurra. Direbobin nan iyayen ɗalibanmu ne, za su saurara.

Fili idan aka aza masa tubali, karɓo shi sai da rusau da rigima. Mu yi magana tun yana gona. Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu, amin.