Gyambon Ƙafa Da Kyamarar Da Ke Ganin Zafin Jiki

(Jawabin da wani ɗan ƙungiyarmu, tsohon ma'aikacin jinya, ya gabatar a taron ƙarshen wata a Sabo, Ibadan)

 

An ce in yi magana a kan lafiya, ni kuwa na zaɓi gyambon ƙafa, domin ciwo ne da muke ɓoyewa a ƙarƙashin wando da zane har sai ya fi ƙarfinmu. Ina aiki, an taɓa kawo mana wani dattijo mai sayar da goro. Shekara uku yana ɗaure idon sawunsa da tsumma, yau toka, gobe baƙin mai, jibi garin ganye. Da na tambaye shi, Baba me ya hana ka zuwa da wuri, sai ya ce tsoron kada a yanke masa ƙafa. To jama'a, jinkirin nan shi ne ya kusa jawo masa abin da yake gudu.

Da farko mu san cewa gyambo ba iri ɗaya ba ne. Akwai na jijiyoyin da ke mayar da jini sama zuwa zuciya. A cikinsu akwai wasu 'yan ƙofofi masu hana jini komowa ƙasa. In suka lalace sai jini ya taru, ƙafa ta kumbura, fata ta yi baƙi, daga nan ta fashe, galibi a saman idon sawu ta ciki. Mahautanmu da masu gadi da masu tsayuwa a kasuwa tun safe har magariba su kula da wannan. Akwai na toshewar jijiyoyin da ke kawo jini ƙafa, wanda shan taba da tsufa ke ƙara wa ƙarfi. Shi ƙafar sanyi take yi, ga zogi da dare. Akwai na ciwon sukari, inda ƙafa ke daina jin komai, har mutum ya taka ƙusa bai sani ba. Sannan akwai na masu sikila, wanda yakan kama matasa a kewayen idon sawu. Kun ga tun da dalili ya bambanta, magani ma dole ya bambanta. Alal misali, ɗaure ƙafa da bandeji mai matsewa shi ne babban maganin iri na farko, amma in aka yi wa mai toshewar jijiya, sai a kashe masa ƙafa. Shi ya sa likita ke auna gudun jini a idon sawu kafin ya ɗaure.

Yanzu ga sabon abin da na zo da shi. Duk kun tuna ɗan ma'aunin nan mai kama da bindiga da aka riƙa nuna mana a goshi lokacin Ebola a 2014 da lokacin korona a 2020. Ba ya taɓa mutum, amma yana faɗin zafinsa. Dalili shi ne kowane jiki yana fitar da wani irin haske na zafi wanda ido ba ya gani. Wani masani a Ingila, William Herschel, shi ya gano shi tun 1800. To akwai kyamarar da ke ɗaukar hoton wannan zafi. Wurin da ya fi ɗumi sai ya fito ja ko rawaya, mai sanyi ya fito shuɗi. Har akwai ƙanananta da ake maƙalawa a wayar hannu. Ba allura, ba tsaga, ba ta kuma harba wa jiki komai, karɓa kawai take yi.

Ina amfaninta ga mai gyambo? Idan ƙwayoyin cuta sun shiga ciwo, ko naman ciki ya fara ƙuna, wurin yakan ɗau zafi kafin ido ya ga ja ko mugunya. Idan kuwa jini ba ya isa, wurin sanyi yake nunawa. A ƙasar Ostareliya, masana na Jami'ar RMIT da ke Melbon sun bi masu gyambon jijiya su 60, suka buga sakamako a 2021. Sun nuna cewa da hoton zafi da taimakon kwamfuta, tun a mako na 2 za a iya hasashen ciwon da zai warke cikin mako 12 da wanda zai ƙi. A da sai an jira mako 4 ana auna faɗin ciwon da ma'auni. Mako biyun nan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya kamata a sauya wa magani.

Ga masu sukari kuwa, likitocin Amurka sun gwada auna zafin tafin ƙafa kullum a gida. Ƙa'idar ita ce, in wani wuri a ƙafa ɗaya ya fi takwaransa na ɗaya ƙafar zafi da sama da digiri 2.2 kwana biyu a jere, to a rage tafiya, a nemi likita. Waɗanda suka bi wannan, gyambo ya ragu a cikinsu ƙwarai. Sai dai ma'aunin goshi ba don ƙafa aka tsara shi ba, a tambayi likita irin wanda ya dace.

Amma kada wani ya fita ya ce na ce an samo maganin gyambo. A'a. Kyamara nuni take yi, ba ta warkarwa. Zafin fata kawai take gani, ba ta ganin ƙashi. Rana da fanka da doguwar tafiya duk suna rikita hoton, shi ya sa ake zaunar da mutum ya huta ƙafa a buɗe kamar minti goma sha biyar. Kuma sai mai ilmin abin ne zai fassara shi. Wanki da ɗauri mai tsabta, da saukar da sukari, da barin taba, da abinci mai gina jiki, su ne dai aikin.

To me za mu yi mu a nan Sabo? Na ɗaya, duk ciwon ƙafar da ya kai mako biyu bai kama hanyar warkewa ba, a kai shi asibiti. Mai sukari kuwa kada ya kwana da shi. Ga Asibitin Koyarwa na UCH kusa da mu, tun 1957 yake aiki, ba sai an jira an koma gida arewa ba. Na biyu, mai sukari ya duba tafin ƙafarsa kullum, ko da madubi, ko ya sa ɗansa ya duba masa, kuma ya bar yawo ba takalmi, ya bar yanke kanta da reza. Bayan alwala a tsane tsakanin yatsu. Na uku, mai kumburin ƙafa ya riƙa ɗora ta a kan matashi in ya kwanta. Na huɗu, ku sani gyambon da ya shekara da shekaru yana iya juyewa ciwon daji, don haka daɗewa da shi ba sabo ba ne, haɗari ne.

Daga ƙarshe ina roƙon shugabanni a ware wani abu daga kuɗin wata-wata don kuɗin mota da bandeji ga marasa ƙarfi. Yawancinmu da ƙafa muke neman abinci. In ta tafi, gida guda ne ya zauna. Dattijon nan mai goro, wata biyar muka yi muna ɗauri, ya koma rumfarsa da ƙafafunsa biyu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.