YADDA AKE CETO DASHEN LEMO DAGA ƘWARI

Wannan jawabi ne da malamin gona ya yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci, maza da mata, a kan dashen lemon tsami da ake raino a cikin gida.

Mutum zai sayo dashen lemo da kuɗinsa, ya yi wata da watanni yana ba shi ruwa. Ran nan sai ya ga ganye ya yi rawaya yana zuba. Nan da nan sai ya ruga kasuwa neman maganin feshi. Wannan gaggawa ce, kuma sau da yawa asarar kuɗi ce.

Da farko a tura yatsa cikin ƙasar gindin. In ta yi caɓi tana wari, to ruwa ne ya yi yawa, saiwa ta fara ruɓewa. A dakata da ban ruwa sai saman ƙasar ya bushe. In a tukunya dashen yake, a huda gindinta.

In ƙasa lafiya take, sai a juya ganyen, domin a bayansa ƙwari suke ɓuya. Darɓa ƙanana ne, baƙaƙe ko koraye. Suna taruwa a sabon tofo, su tsotse ruwansa har ganye ya nannaɗe. Akwai kuma wani farin ƙwaro mai kama da ɓurɓushin auduga, yana maƙalewa inda ganye ya haɗu da reshe. Dukansu biyu suna fitar da ruwa mai zaƙi da danƙo. A kansa ne baƙin nan mai kama da kunkunniya yake fitowa. Shi ne kuma yake jawo tururuwa. Duk dashen da tururuwa ke hawa da sauka, a bincike shi da kyau. Ba banza suke zuwa ba, har gadin ƙwarin suke yi.

In kuwa ganyen cinye shi aka yi, a nemi wata tsutsa mai kama da kashin tsuntsu. Ita da hannu ake tsince ta.

Maganin darɓa da farin ƙwaro yana nan a ƙofar gida. A ɓare busassun 'ya'yan darbejiya, a daka ƙwayar rabin kilo. A jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana. Da safe a tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulu a ciki. Sai da yamma za a fesa, rana ta yi sanyi. Wanda ba shi da abin feshi ya yayyafa da tsintsiya mai tsabta. A tabbata ya jiƙa bayan ganye. A maimaita bayan kwana 7, domin feshi ɗaya ba ya gamawa da su.

Reshen da ya bushe a yanke shi a ƙone. Kada a zuba takin zamani tukuna. Ganyen da ya lalace ba zai gyaru ba. Sabon tofo za a sa wa ido. In ya fito kore shar, bai nannaɗe ba, sai a zagaye dashen da ruɓaɓɓen taki, nesa kaɗan da gindin.