Mu Kira 'Yan Takara Su Zo Mu Tambaye Su

Jawabin da aka yi wa dattawan ikilisiya, Zumuntar Mata da matasa a Riruwai



Maganata a yau a kan zaɓen ƙaramar hukuma ce. Yawancinmu mukan fito zaɓen shugaban ƙasa, amma ranar zaɓen ciyaman da kansila sai mu tafi gona. Alhali tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni, tashoshin mota da hanyoyin cikin gari, kuma tana da hannu a makarantun firamare da asibitocin karkara. Idan ajin yaranmu yana yoyo da damina, wurin kansila za mu fara zuwa.

Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44, hukumar KANSIEC ce kuma take shirya zaɓensu. An yi a 2018, da 2021, da Oktoban 2024. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Saboda haka ya kamata mu san wanda muke ba amanar kuɗin Doguwa.

Ga shawarata: kafin zaɓe mai zuwa, ikilisiyoyinmu su haɗa kai su gayyaci 'yan takarar kowace jam'iyya su zauna a gabanmu rana ɗaya. Kada a yi a cikin majami'a, domin Dokar Zaɓe ta 2022 ta hana amfani da wuraren ibada don yaƙin neman zaɓe. A yi a fili, da sanin mai gari, a kuma gayyaci maƙwabtanmu Musulmi, tun da rijiya ɗaya muke sha. Kowane ɗan takara a ba shi lokaci daidai da na ɗan'uwansa. Fasto kada ya ɗaga hannun kowa. Mata su tambayi maganar ungozoma da ruwan sha, matasa su tambayi takin zamani da hanya. Sakatare ya rubuta kowane alkawari, a ajiye takardar, a fito da ita bayan shekara.

Za a zo da atamfa, sabulu da taliya. Ku tuna Isuwa, wanda ya sayar da matsayinsa na ɗan fari don cin abincin rana ɗaya.

Matasa, mun ji yadda aka rasa rayuka a Tudun Wada lokacin zaɓen 2023. Kada wani ya ba ku makami ko ƙwaya.

Wanda ya cika shekara 18 ya yi rajista, ya adana katinsa, ya fito ya jefa ƙuri'a. Mu kuma yi wa wanda ya ci addu'a, ko da ba shi muka zaɓa ba.

Ubangiji ya ba ƙasarmu salama. Amin.