Taurin Ruwa da Rayuwar Kifi a Akwatin Gilashi

Jawabin da ɗaya daga cikinmu ya yi a madadin abokan aikinsa, a gaban ɗalibai da matasan ma'aikata a Indabo, ƙasar Wudil



Mun san akwai wanda zai yi dariya a ransa da ya ji cewa mutanen ƙasar Wudil, waɗanda suka tashi suna ganin masunta na jefa birgi a ƙarƙashin gada, su ne za a tara a yi musu bayanin kifin da ke cikin akwatin gilashi. To, a yi mana haƙuri. Kifin kogi yana da ruwa mai yawa da ke rufa masa asiri, amma wanda aka tsare a cikin lita 100 ba shi da mai rufa masa asiri sai mai kiwonsa. Mu kuwa mun taɓa tona wa namu asiri, shi ya sa muka ga ya kamata mu faɗi abin da muka koya.

Da damina muka haɗa akwatinmu. Muka shimfiɗa yashi, muka dasa ƙananan tsiron ruwa, muka ɗora kainuwa a sama, muka saki 'ya'yan karfasa da 'yan katantanwa. Ruwa kuwa na sama muka tara, don a ganinmu babu wanda ya fi shi tsabta. Bayan 'yan makonni sai sabon ganye ya riƙa fitowa a murɗe, ɓawon katantanwa ya yi laushi yana zaizayewa, kifin kuma ya daina kuzari. Wani mai son mu da alheri ya ce ruwan ne ya yi salam, a sa masa kanwa. Muka jefa guntun jar kanwa da hantsi. Kafin magariba mun kwashe gawar fiye da rabin kifin. Laifin namu ne, domin mun yi magani ba mu san sunan ciwon ba.

Sunan ciwon shi ne ƙarancin abin da masana ke kira taurin ruwa. Wannan ba zartsi ba ne, kuma nan ne muka ruɗe. Zartsi harshe ke gane shi. Tauri kuwa yawan sinadarai biyu ne da suka narke a ruwa, watau kalsiyam da maganisiyam, kuma iyayenmu mata sun daɗe da sanin sa ko da ba su ba shi suna ba: rijiyar da ruwanta ke cin sabulu ba ya kumfa, wanda kuma ke barin farin ɓawo a gindin tukunyar shayi, ruwanta mai tauri ne. Ana auna shi da miligiram a lita. Daga 0 zuwa 60 ruwa ne mai laushi, daga 61 zuwa 120 matsakaici, daga 121 zuwa 180 mai tauri, abin da ya haura haka ya yi tauri ƙwarai. Masu kiwon kifin ado sun fi amfani da digirin Jamusawa, wanda kowane ɗaya ya yi daidai da miligiram 17.9 a lita. Yawancin tsiron ruwa da kifin da ake haɗa su da shi suna zaune lafiya tsakanin digiri 4 da 8. Ruwan sama kusan ba shi da ko ɗaya.

Kifi yana jan kalsiyam daga ruwa don ƙashi da daidaita gishirin jikinsa. Tsiro yana gina bangon ƙwayoyin jikinsa da kalsiyam, maganisiyam kuma shi ne a tsakiyar sinadarin da ke sa ganye kore. Sai kuma abu na biyu da ke tafiya tare da tauri amma ba shi ba ne, watau ƙarfin ruwa na shanye tsami, wanda bikabonet ke ba shi. Da rana tsiro na shanye iskar kabon daga ruwa, ma'aunin pH ya hau. Da dare tsiro da kifi duk suna fitar da ita, ma'aunin ya sauko. In ruwa ba shi da wannan garkuwa, hawa da saukar sai su yi tsanani, kifi ya kwana a ruwa ɗaya ya yini a wani.

Yanzu ga abin da kanwa ta yi mana. Kanwa, ko ta Manga ko ungurnu, tushenta sodiyam kabonet ne da bikabonet. Ba kalsiyam take ƙarawa ba. Hasali ma ɗan wanda ke ruwan sai ta kwantar da shi ƙasa, ta kuma cilla ma'aunin pH sama cikin ɗan lokaci. Ga shi kuwa amoniyar da ke fita daga kashin kifi tana ƙara zama dafi gwargwadon hawan ma'aunin. Watau mun rage abin da muke nema, mun kuma ƙara abin da ke kisa. Haka gishirin miya ba ya ƙara tauri ko kaɗan. Ƙonanniyar farar ƙasa ta masu shafen bango kuwa, ko da yake da kalsiyam a cikinta, ta fi kanwa haɗari a ƙaramin akwati. Kada a kusanto da ita.

Hanyar da muka fi amincewa da ita ita ce mafi nawa. A sami ɓawon ƙwai ko na katantanwa, a tafasa, a cire tantanin ciki, a daka sama-sama, a ɗaure a tsumma mai tsabta a ajiye inda ruwa ke motsi. Ko kuwa a sa tsakuwar dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe don yin siminti. Yana narkewa a hankali, in ruwa ya yi tsami ya ƙara narkewa, in ya daidaita ya rage, kamar yana da hankalin kansa. Amma fa a lura, ba kowace farar ƙasa ta kasuwa ce wannan ba. A ɗiga mata ruwan lemon tsami: in ta yi kumfa tana tsuwa, ita ce; in ta yi shiru, farin yumɓu ne kawai.

Wanda yake son lissafi daidai, ga shi. A lita 100, giram 3 na jifsam yana ƙara kusan digiri 1 na tauri ba tare da ya taɓa ma'aunin pH sosai ba. Gishirin Efsom na kantin magani, wanda ke ba da maganisiyam, giram 4 da rabi ne ke yin haka, kuma a sa shi ƙasa da jifsam, kamar kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ake ƙarawa. Farar sodar da masu yin kek ke sa wa ƙulli, giram 3 tana ƙara digiri 1 na garkuwar tsami, amma ba ta ƙara tauri. Muna roƙo kada a ɗauko sodar masu haɗa sabulu a madadinta, suna kaɗai suka haɗa. Duk wanda za a sa, a narkar da shi a bokiti tukuna, a zuba lokacin canjin ruwa, kada a wuce digiri 1 a yini, sa'an nan a sake aunawa da 'yar kwalbar gwaji kafin a ƙara.

Wani lokaci ma ba sai an sayi kome ba. Kogin Kano, wanda aka datse a Tiga a 1974, da kogin Chalawa, waɗanda suka haɗu suka wuce ta Wudil zuwa Haɗeja, sun fito ne daga ƙasar falalen dutse wanda ba ya narkewa da sauƙi. Rijiyoyi kuwa kowace da halinta, ta wannan unguwa daban da ta waccan. Da mun auna ruwan rijiyar gidanmu tun farko, mun gauraya shi da na sama, da wataƙila ba mu rasa kifi ko ɗaya ba. Kuma da bazara abin juyawa yake yi: rana na kwashe ruwa ta bar sinadaran, don haka mai cika akwatinsa kullum da ruwan rijiya mai tauri yana ƙara tauri bai sani ba. A lokacin ne ruwan saman da aka adana ke da rana.

Ga yayyenmu da ke shirin haɗa albashi su kafa tankin tarwada a bayan gida, wannan lissafin ya shafe ku, musamman wajen ƙyanƙyasar ƙwai, inda ƙarancin kalsiyam ke rage yawan 'ya'yan da ke rayuwa. Ga ɗalibai kuma, Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil, wadda ta fara aiki a 2001 kuma aka sa mata sunan Aliko Dangote a 2022, tana nan kusa da mu. Muna ba da shawara kowa ya ɗebi kwalba ɗaya daga rijiyar unguwarsu, ya rubuta sunan unguwar da ranar ɗiba a jiki, mu nemi izinin malamanmu mu auna su idan an koma karatu, mu dawo da sakamakon Indabo a hutu mai zuwa.

Akwatinmu yana nan a bayan ɗakin taro, da ƙullin ɓawon ƙwai a kusurwarsa ta hagu, ga wanda ke son gani bayan an tashi.