Riƙon Shafin Intanet Ya Fi Gina Shi Wuya



Kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan sana'ata, wato rubuta manhaja da kafa shafukan intanet, tunda ƙungiyarmu na shirin buɗe nata shafin, kuma ƙannenmu da dama sun shiga wannan aiki. Malamai ku yi mini afuwa, yau ɗan bencin baya ne ke riƙe da alli.

Kowane shafi yana zaune ne a kan wata kwamfuta da ba a kashewa dare da rana, wadda muke kira saba. Haka abin yake tun 1991, lokacin da Tim Berners-Lee ya buɗe wa duniya shafin farko daga cibiyar bincike ta CERN. A yau yaro zai yi hayar saba da hantsi, ya ɗora mata Linux da Nginx ko Apache, kafin la'asar shafi ya tashi. Wahalar tana farawa ne daga washegari.

Ni ganau ne. Na taɓa yi wa wata ƙungiyar 'yan kasuwa shafi mai ɗauke da lissafin adashinsu. Na shirya sabar tana kwafe bayanai kowane dare, sai dai kwafin a cikin faifan sabar nake ajiye shi. Ranar da faifan ya mutu, ya tafi da asali da kwafi gaba ɗaya. Mako uku muka yi ni da ma'ajinsu muna tattara rasitai muna shigarwa da hannu, ana yi wa dattijon kallon wanda ya ci amana, alhali sakacina ne. Kada kuma a ce manyan kamfanoni sun fi ƙarfin tsautsayi. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye wani ginin sabobi na kamfanin OVH a Strasbourg ta ƙasar Faransa, mutane da yawa da ba su da ajiya a wani wuri suka yi asarar bayanansu.

Don haka ga nasihata ga masu wannan sana'a. Na farko, a ajiye kwafi uku, ɗaya a nesa da sabar, kuma duk wata a gwada maido da shi a ga ko yana aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, a rufe ƙofofi. Saba tana da ƙofofi masu lamba. Ta 80 da ta 443 su ne na baƙi masu ziyara. Ta 22 ta mai gida ce, a riƙa shiga ta da makullin SSH maimakon kalmar sirri. Sauran da ba a bukata a datse su. Duk wanda ya kwana a ɗakin kwanan ɗalibai ya san makomar garin da aka bari a akwati ba kwado.

Na uku, a riƙa sabunta manhaja. A 2014 an gano ɓarakar Heartbleed a manhajar OpenSSL, aka fitar da gyara nan take, amma wasu sabobi suka shafe watanni ba a ɗora musu ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na huɗu, takardar shaidar tsaro ta HTTPS. Tun 2015 Let's Encrypt ke bayar da ita kyauta, amma wa'adinta ba ya wuce kwana 90. A shirya sabar ta riƙa sabunta ta da kanta.

Daga ƙarshe, Malam Shugaba, ina da roƙo. Shafinmu zai ɗauki sunaye da lambobin wayar 'yan'uwa da lissafin gudummawarsu. A yi rajistar sunan shafin da sunan ƙungiya, kada a yi da sunan mutum ɗaya, ko da ni ne. Shugabanni biyu su riƙe makullai, a kuma rubuta ranar biyan kuɗin sabuntawa a littafin Sakatare. Mutum yakan yi tafiya, yakan yi fushi, yakan rasu.

Malaminmu na lissafi ba ya ba da maki sai an nuna yadda aka samo amsa. Mu ma mu rubuta duk abin da muka yi wa saba, don na baya ya san inda zai ɗora.