Mai Ci da Baba da Allura: Wa ke Biyan Kuɗin Gwaji?

Lacca ce da aka gabatar a gaban taron malamai, ɗalibai da masu sana'ar hannu



Maganata a yau a kan mutumin da ba shi da albashi ne, ba shi da gona, ba shi kuma da wani shago a gefe. Tuwon gidansa da kuɗin makarantar 'ya'yansa duk daga abin da hannunsa ya yi wa yadi suke fitowa. Masu irin wannan rayuwa suna da yawa, amma zan tsaya a kan biyu, marini da mai ɗinkin hannu, domin su ne muka fi yawan yabo a baki, muka kuma fi taya kayansu da wulaƙanci.

Mu fara daga karofi. Duk wanda ya je Ƙofar Mata a Kano ya ga shekarar da aka rubuta a bakin shiga, 1498, wato ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Baƙi kan tsaya su ɗauki hoton wannan lamba, su leƙa rami, su tafi. Abin da hoto ba ya ɗauka shi ne jira. Marini zai cika rami mai zurfi da ruwa, ya zuba baba da toka, ya bar su su jiƙa su ruɓa, kullum yana motsawa da doguwar muciya, yana duban kumfa, yana sansana wari. Sai an kwana da yawa kafin ruwan ya nuna. A duk tsawon wannan lokaci kuɗi fita kawai suke yi. Idan kuma haɗin bai yi daidai ba, ko sanyi ya kama ramin, to jarin ya tafi, babu wanda zai kai wa ƙara.

In rami ya nuna, sai tsomi. Yadin kan fito da launin kore-kore, sai iska ta buge shi sannan ya juye shuɗi a gaban idonka. A sake tsomawa, a sake ɗagawa. Shuɗi mai haske ba ya ɗaukar lokaci, amma baƙin shuɗin nan da ake nema sai an shafe sa'o'i a durƙushe. Ba a gaggauta shi. Ko bayan rami ya gaji ba a yar da komai: katsin da ya kwanta a ƙasa da shi ake haɗa laso, wanda magina suke shafe rufin soro da shi, marina kuma suke daɓe sabon rami.

Ga wata tambaya da nake so ɗalibanmu su riƙe. Zanen da ka saya a bakin karofi, aikin wa ne? Kafin ya iso rami, wata mata ce a cikin gida ta zauna da zare ta ɗaɗɗaure shi ƙulli bayan ƙulli, ita ta san inda fari zai fito da inda baba zai ci. Fasalin da ake kira wata da tauraro, ko fadar sarki, daga yatsunta ya fito. Bayan rini kuma akwai mabuga, waɗanda ke shimfiɗa yadi a kan gungume su yi ta dukansa har ya yi sheƙi. Hannu uku ko huɗu ke nan, kuma wadda ta fi kowa ƙirƙira a cikinsu ita ce mai saye bai taɓa jin sunanta ba, ladanta ma a kan kowane zane ake yanke mata.

An yi zamanin da kasuwa ke biyan wannan wahala. Da Bature matafiyi Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa kayan saƙa da rini na wannan gari suna kaiwa Timbuktu da Murzuk da Ghat har Tarabulus, ya kuma ƙiyasta cinikinsu da wuri miliyan 300 a shekara. Turkuɗin Kura, wanda ake haɗawa daga siraran ƙyallaye a rina a buga da shuni, shi ne Buzayen Agadas da na bayanta ke naɗawa, kuma sun san mai kyau da marar kyau tun daga nesa. Marigayi Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Bayero, a kan wannan ciniki ya yi digirinsa na uku. Sai dai kada mu cika kewar wancan zamani: wani kaso na audugar da baban a rinji aka noma su, da gumin bayi. Arahar kayan aiki a lokacin akwai waɗanda suka biya ta.

Abin da ya biyo baya kun san shi. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shuɗin sinadari. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna, wasu suka biyo ta, su ma suka yi zamaninsu suka durƙushe, har babbar cikinsu, UNTL, ta rufe a 2007. Yau ka shiga Kantin Kwari ka ga inda yawancin kaya ke fitowa. A 2015 marinan Kano sun fito zanga-zanga a kan kayan Sin da suka ce sun kashe musu kasuwa. Masu adire na Abeokuta kukansu ke nan su ma.

To, mu koma wurin mai allura. Babbar riga ta asali, saƙi ce ko tsamiya, ba a fara mata ɗinki sai mai zane ya zauna da alƙalami ya fitar da fasalin a jikin yadi: aska biyu ne ko aska takwas, ina tambari zai zauna, yaya aikin zai zagaya wuya ya gangaro kan aljihu. Da yawa daga masu wannan zane almajirai ne da malamai, hannun da ya saba da allo da zayyana. Daga nan sai watanni ana soka allura. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya tattara fasaloli da yawa na wannan aiki a shekarun 1970, Elisha Renne kuma ta rubuta yadda matan birnin Zariya suka shigo sana'ar da a da ta maza ce.

Ku duba lissafin wannan mutum. Mai riga ya ba da kafin alƙalami, kuɗin suka tafi a zare da cefane tun makon farko. Cikon kuma sai an gama, wani lokaci sai an yi ta sintiri ana "Alhaji ya fita", "Alhaji ya yi tafiya". Aiki kan taru a kansa gab da salla har ya riƙa kwana a zaune, bayan salla kuma kasuwa ta yi tsit. Idonsa da bayansa su ne jarinsa, kuma kullum raguwa suke yi. Wanda ya kai shekara hamsin yana wannan aiki bai nemi tabarau ba, ya gode wa Allah. A gefensa kuwa ga keken kwamfuta, wanda zai cika gaban shadda da aiki kafin la'asar. Mun gaji cewa araha ba ta ado, amma ranar biki, daga nesa, mutum nawa ne ke iya bambance ɗinkin hannu da na inji?

Yanzu na zo kan abin da ya kawo ni. Ana yawan zargin masu sana'armu da cewa ba sa ƙirƙira, abin da suka tarar shi suke maimaitawa. Ni ban yarda basira ce ta yi ƙaranci ba. Sabon fasali gwaji yake bukata, gwaji kuma ɓarna ce: yadi biyu ko uku za su lalace kafin na huɗu ya fito yadda ake so. Wa zai biya waɗannan ukun? Mai saye ba zai biya ba, shi da ya zo da hoto a waya yana cewa "irin wannan nake so, kada a canza komai". Dillali ba zai biya ba, abin da ya saba fita yake oda. Saura mai aikin, wanda in ya ɓata yadi ɗaya ya ɓata cefanen kwanaki. In ma ya jure ya fitar da sabon abu ya karɓu, kafin wata ya zagayo maƙwabcinsa ya kwaikwaya, mai kwamfuta ya ɗauka, wataƙila ma a bugo shi daga waje a dila-dila. Asarar tasa ce shi kaɗai, ribar ta kowa ce. Mai hankali da iyali a wuyansa zai koma kan aska takwas, kuma ban ga laifinsa ba.

Akwai waɗanda suka fita daga wannan tarko, kuma ya kamata mu duba ta wace ƙofa. Nike Davies-Okundaye, wadda aka haifa a 1951 a Ogidi ta jihar Kogi ta yau, adire ta koya a gida kamar sauran 'yan mata. A 1983 ta buɗe cibiyar koyarwa a Osogbo, yau kuma gidan baje kolinta na Legas yana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. Aboubakar Fofana, haifaffen Bamako da ya tashi a Faransa, ya koma kan baban gargajiya da ake ruɓarwa ba tare da sinadari ba, ya je har Japan ya ƙaro sani, aka kuma baje aikinsa a taron baje kolin fasaha na documenta a 2017. Ba zan ce hannunsu ya fi na tsohon da ya shekara arba'in a bakin rami a Kura ba. Bambancin shi ne aikinsu da sunansu yake tafiya. Wanda ya saya ya san na wane ne, in an kwaikwaya an san kwaikwayo ne, farashin kuma ya isa ya rufe yadin da aka ɓata wajen gwaji. Mu da muke kashe naira ashirin mai hoton maginiyar tukwane Ladi Kwali mun san mai aikin hannu na iya yin suna a ƙasar nan.

Saboda haka roƙona biyu ne, kuma ba su fi ƙarfinmu ba. Na farko, sassan koyar da zane da saƙa na jami'o'inmu, irin na Zariya, su daina kai ɗalibai karofi yawon kallo kawai. Su ware kuɗi su sayi yadi da zare, su biya marini da mai ɗauri ladan kwanakinsu, a ce musu ku gwada abin da kuka daɗe kuna so ku gwada, in ya lalace asararmu ce. Na biyu, duk riga ko zane da ya fito daga hannu a ɗinka masa ɗan ƙyalle daga ciki mai sunan wanda ya zana, wanda ya ɗinka ko ya rina, da unguwarsu, har da matar da ta yi ɗaurin in ita da mijinta sun amince.

Na san inda wannan na biyun zai ci karo. Dillali ba zai so shi ba, domin rashin sanin mai aikin shi ne rabin jarinsa: ranar da Alhaji ya karanta suna da unguwa a cikin wuyan riga, gobe kai tsaye zai aika yaro. Shi ma dillalin yana da hujja, tunda sau da yawa shi ke ba da yadi bashi, shi ke riƙe kaya har su fita. Ina ganin wasu daga cikinsu a zauren nan, kuma zan so a fara ba su dama idan an buɗe fagen tambayoyi.