Darasin Gwaji Kafin A Ɗauki Malamin Lesin



An nemi in yi magana a kan malamin lesin, domin da zarar jarrabawar shiga sakandare ta ƙarato, iyaye kan tare mu a ƙofar makaranta suna cewa, "Malam, wa za ka ba mu?" Shawarata ita ce kada a ƙulla magana da kowa sai an ga darasinsa guda. A tambayi takardar NCE da rajistar TRCN, amma takarda ba ta nuna yadda mutum yake zama da yaro.

Ranar gwajin, a shimfiɗa tabarma a zaure ko a tsakar gida, inda babba zai zauna yana gani, kuma haka za a ci gaba ko bayan an ɗauke shi. Kada a faɗa masa raunin yaron. A miƙa masa littafin aikinsa kawai, a ga ko zai gano da kansa.

Ga misali. An ce yaro ya ɗebe 38 daga 52, ya rubuta 26. Malami mai gaggawa zai soke, ya rubuta 14, ya wuce. Wanda ya san aikinsa kuwa zai ce, "Nuna mini yadda ka yi." Nan zai ga yaron yana ɗebe ƙaramar lamba daga babba a kowane gida, 2 daga 8, 3 daga 5, saboda bai fahimci aro daga gidan gommai ba. Sai ya sa a kawo tsinken ashana, a ɗaure goma-goma, yaron ya kwance ɗauri ɗaya da hannunsa. Wataƙila lissafi uku kacal za a yi cikin awa guda, kada wannan ya dame ku. Abin tsoro shi ne malamin da ya cika shafi biyu da rubutunsa mai kyau, yaron yana gyaɗa kai. Irinsa ne ke yi wa yara aikin gida, mu kuma mu ga maki goma a littafi, sifili a jarrabawa.

Washegari a ba yaron 61 ya ɗebe 45 shi kaɗai. A kuma tambaye shi ko yana son malamin ya dawo, a saurari amsarsa da kyau. Yaron da ya taso daga boko ya shiga Islamiyya a gajiye yake, kwana biyu ko uku a mako sun ishe shi.

Darasin gwaji aiki ne, don haka a biya shi, ko da ba za a ɗauki malamin ba. Mu kuma malamai, a ganina bai dace mutum ya karɓi kuɗin lesin daga ɗan ajinsa ba, domin sauran yaran za su zargi makin da ya bayar. A tura shi wurin abokin aiki.